Tayoyin Haya na Ranar Talata

Ku da kuke bin wannan shafi, na ga saƙonninku. Wasu sun ce in ƙyale yarinya ta auri wanda take so. Wata baiwar Allah kuma ta rubuto cewa ni irin iyayen nan ne da ba sa yarda da kowa. Ban musa ba. Amma ku ji abin da ya faru a makon nan tukuna, sannan ku yanke min hukunci.

Ga wanda yau ya fara karantawa, sunana Nibaldo. A garin Osorno nake zaune da matata Ercilia da 'yarmu tilo, Yasna, mai shekara ashirin da huɗu. Mai nemanta sunansa Ítalo. A gonar kifi yake aiki can cikin teku, sati biyu a ruwa, sati biyu a tudu. Yaro ne mai fara'a, kuma fara'ar ce ta fara damuna. Ranar farko da ya taka gidana ya kira ni kawu, ya buɗe tukunyar Ercilia ya ce ƙamshi ya hana shi zama.

Su biyun sun ƙulla shawarar ɗauko kifi da ƙaguwa daga bakin teku a Bahía Mansa, su kawo kasuwa nan cikin gari. Don haka Ítalo ya sayi tsohuwar motar kaya. Idan yana ruwa, Yasna ce za ta tuƙa. Tafiyar farko ranar Asabar, kuma a ranar ce shi zai koma bakin aiki. Ma'ana 'yata ita kaɗai za ta bi wannan hanya, hawa da gangara da kwana a kan kwana, ga ruwan sama, ga manyan motocin katako da ba sa kauce wa kowa.

Ranar Lahadi suka kawo motar. Tun safe ake ruwa, siririn nan da ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa. Ercilia ta cika murhun ƙarfe da itace, ta ɗora cazuela, romon naman sa da dankali da kabewa, ta sa rigarta mai ruwan toka da take ajiyewa don zuwa coci. Ni ina gefen murhu da rigar ulun da ta saƙa min, ina shan mate, shayin ganyen da muke sha a nan. Sai muka ji hon.

"Tsoho, tashi. Kuma ka gyara fuskar nan, ba jana'iza aka zo ba."

"Da ita aka haife ni, tsohuwa."

"Ai shi ya sa ungozoma ta gudu."

Motar fara ce, doguwa, rufaffiya, mai ƙofar gefe da ake ja. In ka dube ta a karkace za ka ga inuwar sunan wani gidan burodi a ƙarƙashin fenti. Ítalo ya diro da jaket ɗin fata da fararen takalma, cikin wannan taɓo. Yasna ta fito ta ɗaya gefen da hular ulu ja, ta rungume jakarta a ƙirji.

"Kawu, fito ka ga jikarka ta farko!"

"Shekararta nawa?"

"Sha huɗu."

"Ashe da wayonta aka haife ta. Ina takardar gwaji?"

Yasna ta zaro ta daga jaka, an sa ta a leda don kada ta jiƙe. "Ga ta, Papa. Ranar Talata ta wuce gwajin. Birki, fitilu, hayaƙi, taya, komai lafiya. Duba da kanka."

Na duba. Takarda ta gaskiya ce, lambar motar daidai, hatimi daidai. Na mayar mata na fara zagaya motar. Ƙofar gefe sai da na sa kafaɗa ta buɗe, ƙafarta ta ƙasa ta ci. Wannan ba komai ba ne, duk irin motocin nan haka suke tsufa. Na ɗaga tabarmar robar da ke baya, na tarar an shafe ƙarfen da baƙar kwalta sabuwa, har tana kama yatsa. Ba a shafa wa lafiyayyen ƙarfe kwalta, tsatsa ake rufewa. Na ce Ítalo ya tayar da injin. Ta yi tari sau biyu, ta fesar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, sannan ta daidaita.

"Sanyi ne, kawu. Ni ma haka nake tashi da safe."

Suka yi dariya shi da Ercilia. Ni idona yana kan tayoyi. Baƙi wuluk, suna sheƙi, an shafe su da man gyara. Daga waje zanensu bai mutu sosai ba. Amma notocin da ke riƙe da su duk gefensu ya yi fari, sifana ta taɓa su kwanan nan. Na durƙusa a taɓo, na zura hannu ta bayan tayar gaba ta gefen direba, na shafo cikinta. Wani abu ya soke ni. Na janyo hannu, jini a ɗan yatsa. Tayar ta suɗe ta ciki har waya ta fito. Taya ba ta cin gefe ɗaya haka sai in gaɓar da ke riƙe ƙafar ta saki.

Na kunna fitilar wayata na leƙa. A jikin tayar ta ciki, inda ba mai gani sai wanda ya kwanta, akwai zane ɗaya na alli mai ruwan ɗorawa. Na rarrafa ɗaya gefen. Zane biyu.

Na cusa hannun a aljihu na miƙe.

"Ya ka gan ta, kawu?"

"Na gan ta."

Yanzu sai in faɗa muku abin da ko Ercilia ba ta san ƙarshensa ba. Shekara ashirin da biyu na yi ina facin taya, ni da abokina Onofre, a wata rumfa layi biyu daga gidan gwajin motoci. Faci muke yi, amma ba faci ne yake ciyar da mu ba. A bayan rumfar muna da tayoyi masu kyau, kowane girma, a kan wilinsu. Mutum zai zo da motar da tayoyinta suka mutu, mu cire nasa mu ɗaura namu, ya je ya shiga layi, a auna, a ba shi takarda, ya dawo mu mayar masa da nasa. Awa biyu. Haya ke nan. Ma'aikatan gwaji ba su da laifi, injinansu ma ba sa ƙarya. Abin da aka ɗora musu suke aunawa. Takardar nan da mutane suke sa wa leda, shaidar minti ashirin ce kawai, ba ta san abin da aka yi kafin su ba, ba ta san na bayansu ba.

In mun cire ƙafafu huɗu, dole kowace ta koma inda ta fito. Sauran masu faci haruffa suke rubutawa da farin alli. Onofre kuwa in ya juya baya hagu da dama sun rikice masa, sai na ƙirƙiro mana tamu hanyar. Alli mai ruwan ɗorawa, zane ɗaya a gaban direba, biyu a ɗaya gaban, uku da huɗu a baya, a zagaya kamar agogo. Duk Osorno babu mai yin haka sai rumfarmu.

Shekara tara da suka wuce wani mutum, Don Belisario, kamar a ce Malam Belisario, mai kai cuku ƙauyukan bakin teku, ya yi hayar taya a hannuna. Ni na ɗaura, ni na cire. Bayan kwana goma sha ɗaya tayarsa ta gaba ta fashe a wata gangara. Bai mutu ba. Har yau ina ganinsa a ƙofar kasuwa a keken guragu, kuma yana gaishe ni, don bai taɓa ɗora min laifi ba. A watan na bar wa Onofre rumfar, na ce wa kowa bayana ne ya gaza. Na koma kula da lambu a wata makarantar firamare. Tun daga nan ban sake bin layin ba.

To ku ce min, da wace fuska zan zauna cin abinci da wanda ya kai mota rumfar Onofre, sannan ya miƙa wa 'yata mabuɗi?

Amma na zauna. Ercilia ta zuba, Ítalo ya ƙara har sau biyu, yana ba da labarin akwatunan ƙanƙara da zai jera a baya. Na bari sai da ya cika baki.

"Karo ɗaya ta wuce?"

"Papa, ai ka ga takarda," in ji Yasna da sauri.

"Ba ke na tambaya ba."

Ítalo ya haɗiye. "Karo ɗaya, kawu. Ko ba haka ba, Yasna?"

"Miƙo min burodin nan," ta ce, ba ta ɗago ba.

Na ce a raina, ka ji ɗan banza, har shaida yake kafawa da 'yata. Na buɗe baki zan ƙara, Ercilia ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur, da dugadugin takalmin coci. Na koma kan romona.

Da za su fita Ítalo ya roƙi a bar motar a farfajiyarmu, wai inda yake haya babu wurin ajiya. Haka ta zauna a gaban tagar ɗakina kwana biyar. Kullum da safe in na ɗaga labule ita nake fara gani.

Za ku ce me ya hana ni magana. In na ce tayoyin haya ne, za a ce ta yaya na sani. In na faɗi yadda na sani, sai na faɗi allin, in na faɗi allin sai na faɗi Don Belisario. Na yi ta juya abin, ina neman hanyar da zan tona yaron ba tare da na tona kaina ba.

Ranar Laraba ina yanke ciyawa a makaranta saƙonsa ya shigo.

"Kawu barka da rana, ya bayan naka? Na sayo wa Yasna rigar ruwa mai ɗaukar ido don in ta tsaya a hanya masu katako su hango ta. Ka ce mata ta daina saurin nan, maganarka ta fi tawa shiga."

Na karanta sau uku. In ta tsaya a hanya. Wato ya san za ta tsaya. Na rubuta masa amsa doguwa, na goge. Na tura "To."

Da yamma na nuna wa Ercilia.

"Me ka gani a nan?"

"Na ga yaro mai hankali."

"Ba ki ga yana share wa kansa hanya ba? Gobe in wani abu ya faru ya ce ai ya yi gargaɗi."

Ta ajiye saƙarta a cinya. "Nibaldo, in yaron nan ya kawo maka ruwa sai ka ce ya auna zurfin maƙogwaronka. Me ya yi maka?"

"Motar ba ta da lafiya."

"Gwamnati ta ce tana da lafiya, da hatimi. Kai wane ne?"

Ita ma Yasna duk makon ba ta zauna kusa da ni ba. Ta shigo da gudu, ta fita da gudu, wayarta kife a kan tebur. In na ce "motar nan," sai ta tuna ta bar wani abu a wuta. Na ɗauka ta san abin da ya yi, tana rufa masa asiri. Wannan ya fi komai ci min rai.

Ranar Juma'a da safe na ga saura kwana ɗaya. Na aika makaranta cewa ba zan zo ba, na sa takalmin roba, na hau bas.

Rumfar tana nan yadda na bar ta, sai dai kwanon ya ƙara tsatsa. Tsohon bahon wanka da muke tsoma tiyub yana bakin ƙofa. Onofre yana zaune a kan taya yana cin soyayyen fanke, tumbinsa a kan gwiwa.

"Wa nake gani haka? Waliyyi Nibaldo ya sauko duniya!"

"Mai Tumbi, har yanzu ba ka haihu ba?"

"Likita ya ce 'yan biyu ne, sai an yi haƙuri. Zauna mana. Ko tsarkinka ba ya zama a kan taya?"

Ban zauna ba. "Wata farar motar kaya ta zo nan ranar Talatar makon jiya."

"Fararen motoci a garin nan sun fi karnuka yawa."

"Mai inuwar gidan burodi a jiki."

Ya ci gaba da tauna, yana kallona ta ƙasan ido.

"Ba rigima na zo yi ba," na ce. "So nake in san abin da yaron ya faɗa maka. Ya gaya maka hanyar da za ta bi? Ya gaya maka mace ce za ta tuƙa?"

"Wane yaro?"

"Dogo, mai jaket ɗin fata. Mai dariya kamar an biya shi."

Onofre ya ajiye fanken a kan takarda. Ya goge hannu a wando, a hankali.

"Nibaldo, ba kai ka turo ta ba?"

"Ta?"

"Ta shigo nan ta ce, Kawu Onofre, ba ka gane ni ba? Na ce wa zai manta idon uban nan naki. Ta ce kai ka ce ta zo, bayanka ne ya hana ka rako ta. Da na tashi neman alli ma ita ta miƙo min daga kan taga, ba ta manta inda muke ajiye shi ba."

Sai a lokacin na zauna a kan tayar.

"Ita kaɗai?"

"Ita kaɗai, da jar hula. Kuma na gaya mata, Allah ne shaida. Na ce gaɓar nan ta gaba ta mutu. Mun cusa mata giris mun ɗaure, na ce wannan zai kai ki layin gwaji, ba zai kai ki ko'ina ba bayan nan. Na ce ki gaya wa babanki. Ta ce ai ka sani." Ya dube ni. "Ba ka sani ba."

Lokacin tana firamare, in an tashi, a rumfar nan take jiran uwarta. Tana zaune a kan benci da littafinta, ni ina ɗaura wa mutane tayoyin haya a gabanta. Ban taɓa tunanin tana kallo ba.

"Ara min jak da sifana," na ce.

"Da bayan naka?"

"Ara min, Mai Tumbi."

Bai ƙara wasa ba. Ya sa su a buhu, ya raka ni har bakin titi.

Ƙarfe biyu na isa gida. Ruwa ya ɗan tsagaita. Na kwaso manyan gumagumai huɗu daga rumbun itacenmu, na cire rigar ulu na rataye a ƙofa, na fara. Shekara tara ban riƙe sifana ba, amma hannu bai manta ba. Baya ne ya tuna min shekaruna. Ercilia ta fito da ludayi a hannu.

"Tsoho, ka haukace? Motar mutane ce!"

"Koma ciki, tsohuwa."

"Ba zan koma ba. Me za ka ce wa yaron?"

Na ɗaga motar da jak. Na cire tayar farko na jingina ta da bango, cikinta yana kallon waje. Ercilia ta matso, ta ga wayoyin sun yi cirko-cirko kamar gashin alade. Ta kai hannu, na ce kada ta taɓa. Ta tsaya tana riƙe min notoci a aljihun rigarta. Kafin ƙarfe huɗu motar tana zaune a kan itace, tayoyi huɗu a jere a bango. Na kama ƙarfen ƙafar gaba na girgiza, ya yi ƙwas ƙwas a hannuna kamar haƙorin da ya kusa fita.

A haka Yasna ta same mu. Daga ofishin kasuwa take, da katin rumfar kifin da aka ba ta rataye a wuya, sabo, da hotonta tana murmushi. Ta tsaya a bakin ƙofar shinge. Ta dubi motar, ta dubi bango, ta dubi buhun Onofre a ƙasa.

"Papa, me ka yi?"

"Na je na gaishe da kawunki."

Ta rufe ƙofar a hankali. Ercilia tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya.

"Wane kawu? Me ake ciki a gidan nan?"

"Tambayi 'yarki inda ta kai motar nan ranar Talatar makon jiya. Kuma da sunan wa."

"Papito, tsaya ka ji."

"Ina ji."

Maganar ta zubo mata a haɗe. Ítalo ya tafi Calbuco duba mahaifiyarsa, ya bar mata motar ta kai gwaji. Ranar Litinin ta kai, aka mayar da ita, aka ba ta takardar faɗuwa, taya da gaɓa da hayaƙi. Kuma ita ce ta matsa masa ya sayi wannan motar, shi ya so a jira a sami wadda ta fi ta. A kasuwa an ce mata rumfar da ba a buɗe ranar Asabar ba, za a ba mai bi mata a layi, mutum goma sha suna jira.

"Da wane baki zan ce masa motar da na nace a kanta ta faɗi? Sati biyu kawai nake nema, Papa. In na fara ciniki zan canza tayoyin, na rantse. Zan tafi a hankali."

"A hankali."

"Kai ma shekara nawa ka yi kana yi wa mutane? Wa ya mutu?"

Ercilia ta ce, "Yasna!"

"Bar ta," na ce. "Tambaya ta yi."

Na faɗa musu. A tsaye a farfajiya, hannuna duk baƙin mai, na faɗi sunan Don Belisario, na faɗi kwana goma sha ɗaya, na faɗi cewa bayana lafiyarsa lau lokacin da na bar rumfar. Ercilia ta zauna a kan matakala. Ita ce take sayen kyandir a hannun Don Belisario a ƙofar kasuwa duk ƙarshen wata don tausayi.

"Shi ma cewa ya yi zai tafi a hankali," na ce.

Yasna ta cire hular ta matse ta a hannu. Ta daɗe tana kallon tayar farko. Da ta yi magana muryarta ta koma ta yarinya.

"Kada ka gaya wa Ítalo. Don Allah, Papito. Ya tsani ƙarya. Wani da suke aiki tare ya taɓa ɓoye masa cewa igiya ta lalace, har yau ba ya yi masa magana. In ya ji ni ce, shi ke nan."

Ban kai ga amsawa ba muka ji fito daga titi. Shi ne, da leda a hannu, rigar ruwan da ya saya tana leƙowa, launin ruwan lemo mai ƙyalli. Ya turo ƙofa yana dariya.

"Kawu, ɓarayi ne suka zo da rana tsaka, ko jikar taka ce ta cire takalmi za ta shiga ɗaki?"

Ba wanda ya yi dariya. Ya bi idonmu zuwa bango. Ya ajiye ledar a kan shinge, ya je ya tsuguna a gaban tayar, fararen takalmansa suka nutse a taɓo. Ya shafa, wayar ta soke shi, ya dubi yatsansa.

"Wannan ce ta wuce gwaji?"

"Ba ita aka auna ba," na ce. "Akwai inda ake hayar masu kyau na awa biyu. In an sami takarda a mayar da tsofaffin."

Na zuba masa ido sosai, don har a lokacin wani ɓangare na zuciyata yana neman alamar cewa ya sani. Babu. Fuskarsa ta yi fari kamar motar. Ya tashi ya je ya girgiza ƙarfen ƙafar gaba yadda ya ga alamar hannuna a jiki, ya ji ƙarar, ya saki.

"Da wannan za ta sauka gangaren gobe? Da kaya a baya?" Ya juyo. "Wa ya yi wannan?"

Yasna tana bayansa. Idonta kawai ta ɗora min.

"Ni ne," na ce. "Tsohuwar sana'ata ce. Na karɓi motar a hannunta na ce zan kai mata. Ba ta san komai ba."

Ya daɗe yana kallona. Yaron da kullum bakinsa a buɗe, yau na ga yadda yake in ya rufe shi.

"Ranar Lahadi ka durƙusa a nan ka duba ta. Na tambaye ka, ka ce ka gan ta. Kwana biyar, Don Nibaldo. Da zuciyarka ba ta tsinke yau ba fa? Ina can tsakiyar ruwa za a kira ni a waya?" Ya matso kusa da ni. "Na san ba ka so na. Ban damu ba, na ce da sannu. Amma 'yarka ce."

Ban taɓa jin an zage ni da maganar da ta yi min daɗi haka ba. Na sunkuyar da kai.

"Yasna, ɗauko kayanki. Zan kai ki wurin yayata, ba zan tafi ruwa in bar ki a nan ba."

Ercilia ta miƙe za ta yi magana, na girgiza mata kai. Yasna ta dube ni, ta dube shi, ta wuce ta gefen uwarta ta shiga gida. Muka tsaya mu uku ba mai kallon wani. Ruwa ya dawo. Daga ciki ina jin ana jan aljihun durowa, ana rufewa, ana jan wani. Na ce a raina, ta tafi da shi ma ya fi, tunda da ƙafarta za ta tafi.

Ta fito ba jaka. Takarda ce a hannunta, an ninka ta huɗu, ba leda. Na gane ta tun daga nesa, takardar faɗuwar nan ce ta ranar Litinin. Na tare ta a matakala na kai hannu.

"Ba ni nan, 'yata. An gama maganar."

"Papa, matsa."

"Yasna."

"Matsa, don Allah."

Na matsa. Ta sauka ta tsaya a gabansa, ta miƙa masa takardar.

"Duba ranar," ta ce. "Sannan ka duba wanda ya sa hannu a ƙasa."

Ítalo ya goge yatsansa mai jini a jaket, ya karɓa, ya fara warware ninkin farko.